Lakilen Baba Lau

Ranaku da yawa na aikin haƙar rijiyoyi sun ɓace mini, har ranar da aka ɗauke ni aikin ba zan iya ce muku ga ta ba, amma ranar da aka sa mini kaki ta ƙi fita daga raina. Ku yaran yanzu da kuka tarar da ni ina yawo da keke da jakar ƙarafa, kuna ce mini Baba Isuhu mai pampo, ba ku san na taɓa rataya bindiga ba. To na rataya, kuma ban ji daɗinta ba.

Lokacin ne da aka gama babban taron ƙasa, soja suka ja gefe, farar hula suna riƙon ƙwarya kafin a yi zaɓe. Birni kullum cikin hayaniya yake, yau yajin aiki, gobe jerin gwano, kowa ya sami baki. Mu kuwa muna can daji a ƙasar Gidan Sori, wani ƙauye da ake kira Dogon Kalgo, muna haƙa wa mutane foraj, rijiyar burtsatse ke nan, tare da Shinuwa, wato mutanen ƙasar Sin. Ni ɗan Gazawa ne. Iyalina suna can gabas, sai in yi watanni ban ga ƙofar gidana ba.

Bari in yi wa waɗanda ba su san aikin ba bayani, don ku gane abin da ya biyo baya. Shantiye, wato wurin aikinmu, yana da shef, shugaban aiki ke nan, da injiniya, da tafinta, da makanike, sannan mu leburori a ƙasa. Inji ne yake huda ƙasa har a tarar da ruwa. In an tarar, a zura manyan tiyo, a wanke ramin har ruwan ya fito garai, a rufe bakin. Daga nan a zuba daɓen siminti kewaye da shi. Daɓen nan sai ya bushe ya yi ƙarfi kafin a ɗora masa pampo, in kuwa aka yi gaggawa zai tsage, aiki ya koma baya. Saboda haka akwai 'yan kwanakin da ruwa yana nan ƙarƙashin ƙafarka amma ba ka da ikon shan ko kurɓi ɗaya.

Makaniken namu wani tsoho ne, muna ce masa Baba Lau. Ya tsufa da irin wannan aiki sosai, an dai taho da shi ne don injin da muke haƙa da shi sa'ansa ne, ba ya jin maganar kowa sai tasa. Gajere ne, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, kuma ya daɗe a ƙasar nan har ya tsinci Hausa, irin wadda ba ta da miya amma tana ƙosarwa. Ni ne mai miƙa masa ƙarafa. Yana da wani lakile, abin ɗaure ƙarfe da kwance shi, wanda hannunsa ya cinye har yana ƙyalli. Kowane ƙarfe zai ba ka aro ban da wannan. Ko wanka zai shiga, da shi yake zuwa.

Wani hali nasa da muka daɗe muna yi wa dariya shi ne cin abinci. Sauran Shinuwa sukan kewaye tebur suna ci suna ihu kamar ana rabon gado, shi kuwa sai ya ɗauki ɗan kwanonsa na shinkafa ya zaga bayan mota, ya juya wa kowa baya. Na taɓa ce masa, "Baba, ko naman da ke kwanon naka ne ba ka so a gani?" Ya ɗaga mini kwanon. Farar shinkafa ce tsura. Ya ce, "Ni ci kaɗai. Ya daɗe."

Ni kam ban iya cin abinci ni kaɗai ba. Tun zuwanmu ƙauyen na yi aboki, Bawa maƙeri, wanda yake gyara mana ƙananan ƙarafa in sun karye. Kullum da yamma ina ƙofar maƙerarsa, matarsa Rabi ta fito mana da tuwon gero da miyar kuka a wani tsohon akushi mai ɗinki a baki, mu sa hannu tare. Yana tsokanata wai mu mutanen gabas ba mu iya loma ba, ina tsokanarsa wai Bagobiri ko gaisuwa zai yi sai ka ɗauka faɗa ne. Abin da ya riƙe ni a dajin nan ke nan.

Dogon Kalgo na da tsohuwar rijiya guda, mai zurfi, bakinta duk ya zaizaye. In damina ta sauka sai mutane su koma wa tabki don ya fi kusa, tabkin kuwa cike yake da ƙurƙunu. Wanda bai san ƙurƙunu ba ya gode wa Allah. Ka sha ruwan bana, baɗi war haka tsutsa ta huda ƙafarka ta fito, daidai lokacin noma, ka kwanta kana kallon ciyawa tana cinye maka gona. Mu ne da bakinmu muka tara mutanen garin muka gaya musu daga tabki abin yake, muka ce su yi haƙuri, bana ba za su sha shi ba.

Mun tarar da ruwa ana gab da shuka. Ranar mata har guɗa suka yi. Muka wanke rami, muka zuba daɓe, Baba Lau ya shafe shi da hannunsa sumul. Siminti bai ko canza launi ba sai ga mota daga birni. Gwamnatinmu da ta su Baba Lau sun ɓata a kan wata magana ta manya wadda har yau ban gama gane kanta ba, an ce duk Shinuwan da ke aiki su tattara su koma gida. Shef ya roƙi a bar su daɓe ya bushe su ɗora pampo, aka ce ba hali.

Washegari wani ajudan ya zo, shugaban gardin yankin ke nan, wato dogarawan gwamnati masu kaki, dogo mai ɗan tumbi, ba mugu ba ne amma ba ya son a tambaye shi abu sau biyu. Ya tara mu leburori a rana ya ce kayan shantiye duka, inji da gazuwal, wato man da yake sha, da tiyo da pampo, sun zama amana a hannun hukuma har manya su shirya. Ba shi da gardin da zai ajiye a daji, duk an kwashe su ana tsaron buro-buro, wato ofisoshin gwamnati, a birni. Don haka a cikinmu zai ɗauki masu tsaro. Ya bi layi yana duban ƙirji da damtse kamar mai sayen bijimi, ya nuna ni, ya nuna wasu biyu, Sani da Garba.

Aka ba mu kaki, da hula, da takalma waɗanda ba su san ƙafar kowa ba, da bindiga guda tsohuwa mu uku. Ya koya mana ƙamewa da sara wa na gaba da yadda ake ɗana ta, duk kafin azahar. Sannan ya dube ni, don ni ya naɗa babba, ya ce, "Ko ƙusa ɗaya kada ta fita daga wurin nan. Ko maigari ne, ko ubanka ne. Ka ji?"

Na ce, "Na ji, mon ajudan."

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya kama ni. Lebura da kullum yake cikin taɓo, yau ga ni da hula. Na tafi ina taku ɗai-ɗai wajen Baba Lau don ya gan ni. Na same shi gindin wata bedi ya baza kayan pampo a kan buhu, an ce ya sa su a akwati ya rufe. Na ƙame na sara masa, ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya dube ni tun daga hula har takalma, fuskarsa ta canza kamar wanda aka yi wa albishir da mutuwa. Ya nuna ƙasa ya ce, "Zauna, Isuhu."

Na zauna. Yana goge ƙarafa yana magana, bai ko dube ni ba. Hausarsa ba ta isa ta ɗauki labarin ba, wani wurin da hannu ya ƙarasa, wani wurin da zane a ƙasa, amma na fahimce shi sarai.

Ya ce yana saurayi ɗan dako ne a wata babbar tashar jiragen ruwa can kudancin ƙasarsu, garin da Turawa ke mulki a lokacin. Shi da wansa suke sauke buhunan shinkafa daga jirgi zuwa mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, abin da ya sauke masa kafaɗa ke nan. Iyayensu sun rasu, su biyu ne kawai, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Da babban yaƙi ya matso, Turawan suka ga sojansu ba za su isa tsare tashar ba, sai suka jera 'yan dako a rana suka zaɓi ƙarfafa. Aka ɗauke shi. Wansa yana ɗingishi, buhu ya taɓa faɗo masa a ƙafa, aka ce ya koma gefe.

"Sun ba ni kaki," in ji shi. "Kamar naka. Ni murna. Kamar kai."

Aka koya musu harbi na 'yan kwanaki, aka ajiye shi ƙofar mangazar shinkafar da shi da kansa ya cika da bayansa. Tun daga ranar 'yan dako suka daina kiransa cin abinci, in ya doso sai hira ta mutu. Turawa kuma ba sa ci da shi. Da abokan gaba suka fara ruwan wuta a garin, kasuwa ta watse, yunwa ta shigo. Ran nan sai ga 'yan dako sun taho ƙofar mangaza, wansa a gaba yana jan ƙafa. Ba su zo da sanda ba. Wan ya kira shi da sunan da uwarsu take kiransa, ya ce ya buɗe su ɗebi ko buhu kaɗan, yara na kuka.

Baba Lau ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa, ya ɗaga hannu biyu ya nuna mini yadda ya saita bindiga. Ya ce bai harba ba, ɗagawa kawai ya yi. Wan ya tsaya ya dube shi, ya juya, sauran suka bi shi.

Ba a daɗe ba Turawan suka miƙa wuya. Ba wanda ya zo ya gaya masa. Yana nan tsaye a ƙofa har ya hango baƙin soja suna shigowa tashar, sannan ya tuɓe kakin ya jefa a teku ya gudu da ɗan gajeren wando. Shinkafar nan duka abokan gaba suka kwashe. Ya koma ɗakinsu, ba kowa. Ya bi gari, ya bi ƙauyensu, ya yi shekaru yana tambaya.

"Bature bai ci ba," in ji shi. "Wana bai ci ba. Ni tsare wa wa?"

Maganar ta shige ni, amma ƙuruciya ba ta bar ni na nuna ba. Na ce, "Haba Baba, nan ai ba yaƙi ake ba. Kwana kaɗan ne ku dawo mu ɗora pampo."

Ya ce, "Mai ba ka kaki, shi manta da kai. Shuɗin kaya naka, kada ka yar." Yana nufin kayan aikinmu na leburori.

Yinin ranar duka a kan akwatin nan ya ƙare. Sauran Shinuwa sun gama ɗaure kayansu tun tuni, shi yana ta shafa, yana jerawa, yana fito da wani ya sake mayarwa. Na ce, "Baba, wannan akwati ko lefe ne za a kai gidan sarki?" Ya kore ni da hannu ya ce in je in yi tsarona. Daga nesa na ji yana buga ƙusoshi da ƙarfi, gari duka ana ji.

Da safe suka tafi. Shef ya yi mana jawabi ta bakin tafinta, aka yi musafaha. Baba Lau kuwa ya kama hannuna da nasa biyu ya daɗe bai saki ba, sannan ya hau bayan mota ya zauna yana kallon inda suka baro. Ina tsaye da bindiga har motar ta shige cikin kalgo.

Da yamma na nufi maƙerar Bawa kamar kullum. Yaran da suka saba rugowa su riƙe mini hannu suna hango ni suka watse. Mata a bakin turmi suka yi shiru. A ƙauyukan nan, tun zamanin kakanni, mai kaki abu biyu ke kawo shi, karɓar haraji ko kama mutum, kuma ba a manta ba. Bawa yana ganina ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi mini ba, ya ce, "Ranka shi daɗe."

Na ce, "Kai Bawa, ni ne fa. Wane irin ranka shi daɗe?"

Ya ce, "Mun sani kai ne. Amma wanga kaya ba a zama da shi ƙasa. Ka koma, za a kawo maka."

Na ɗauka wasa yake. Na koma shantiye, can sai ga Rabi da kanta ta ajiye kwano a bakin shinge, ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni, ta juya. Sabon kwano ne mai murfi. Na buɗe, kaza ce guda, an soya ta da mai. Haka al'adar take, in gardi ya sauka a gari ana yanka masa kaza, a kai masa inda yake, ya ci shi kaɗai don a rabu lafiya. Sani da Garba suka yi ta murna suna tsotsar ƙashi. Ni kuwa tsoka ɗaya na kai baki, na bar musu sauran. Ban taɓa jin kewar miyar kuka irin ta ranar ba.

Ruwa ya sauka sosai. Sani ya ce zai je ya yi shuka ya dawo, bai dawo ba. Garba ya bi bayansa, ya bar mini kakinsa a rataye jikin inji. Ban ga laifinsu ba, gona ba ta jiran kowa. Tawa gonar a Gazawa ƙanena ya shuka mini rabi, sauran ta zama ta ciyawa. Ajudan bai sake leƙowa ba, ko saƙo babu.

Na zauna ni da inji da akwati. Da safe in zaga shinge, in goge bindiga, in zauna gindin bedin da Baba Lau yake zama. Ciyawa ta fito ta kewaye tayoyin mota. Daɓen ya bushe tun tuni, ya yi ƙarfi kamar dutse, ƙadangaru suna shan rana a kai. In na je masallaci sai a buɗe mini wuri a sahu, wuri mai faɗi, har kafaɗata ba ta taɓa ta kowa. A idar da salla, a gaishe ni da ladabi, kowa ya kama gabansa. Sai na kama kaina ina yi wa inji magana. Wata rana kuma na lura na ɗauki kwanona na zaga bayan mota na juya wa gari baya, ban san lokacin da na fara haka ba. Ranar na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Ana tsakiyar damina aka yi wani ruwa mai ƙarfi, tsohuwar rijiyar garin ta rufta. Allah ya kiyaye ba kowa a bakinta. Daga ranar gari duka ya koma tabki. Ina zaune ina ganin 'yan mata suna wucewa da tuluna ta gefen shingena, ta gaban rijiyar da na haƙa da hannuna, suna zuwa ɗebo ruwan da na ce musu kada su sha.

Ran nan da hantsi na hango mutane sun nufo shantiye. Maigari yana ciki, da liman, da magidanta, mata a baya. A gabansu Bawa ne, yana dogara sanda yana jan ƙafa. Ƙurƙunun bara ya fito masa a idon sawu, an naɗe kan tsutsar a ɗan tsinke an ɗaure da tsumma. Tun daga nesa da na ga tafiyar nan tasa na gane ta, don na taɓa ganinta a zane a ƙasa gindin bedi.

Na miƙe. Hannuna da kansa ya kai ga bindiga, haka aka koya mini. Suka tsaya a bakin shinge. Maigari ya buɗe baki zai fara ranka shi daɗe, Bawa ya tare shi.

"Isuhu," in ji shi. Rabon da in ji sunana a bakinsa tun ranar kaki. "Ba wurin gardi munka zo ba, wurinka munka zo. Ni tawa ta riga ta same ni. Amma ɗiyana ukku tabki suka sha yau da sahe, shi za su sha gobe. Kai ka ce muna bana ba mu shan shi. Ga ruwa nan ƙasan ƙahwarka, ga pampo cikin akwati. Mi muka jira?"

Na ce, "Bawa, an ba ni umarni. In na buɗe akwatin nan aikina ya ƙare, wataƙila har da ɗauri."

Ya ce, "Na sani. Ba mu hwasa shinge, ba mu taɓa ka. In ka ce a'a, mu koma." Ya gyara tsayuwa a kan sandarsa yana jira.

Na dubi hanyar birni, ba kowa a kanta sai awaki. Na dubi Bawa. Na san in na ce a'a zai juya kamar yadda ya faɗa, ba zai zage ni ba, gobe ma Rabi za ta aiko da abinci a kwano mai murfi, kuma haka zan ci gaba da ci har ƙarshen raina ko da na tuɓe kakin.

Na ce su dakata. Na shiga rumfa na jingine bindiga, na tuɓe kaki na ninke, na ɗora hula a kai. Na jawo shuɗin kayana daga ƙarƙashin tabarma, duk sun yi warin ajiya, na sa. Da na fito ba wanda ya yi guɗa ko kabbara, sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "A'a, ga Isuhu."

Na ɗauko ƙarfen ɓanɓare ƙusa na nufi akwati, ina shirin shan wahala, don na ji irin bugun da Baba Lau ya yi masa. Ina sa ƙarfen murfin ya ɗago kamar an ɗora shi ne kawai. Ƙusoshin duka gajeru ne, ya yanke su, iyakarsu kaurin katakon sama. Duk bugun nan da gari ya ji, don kunnen ajudan aka yi shi.

A ciki kuwa kowane ƙarfe an shafe shi da mai an naɗe. An jera su bi da bi yadda za su shiga rami, na farko a sama. Kowanne ya ja masa layi da jan fenti, na fari layi ɗaya, na biyu layi biyu, yadda ko wanda bai taɓa shiga lakol, wato makarantar boko, ba zai gane. Ni kuwa ban taɓa ɗora pampo ni kaɗai ba, miƙa ƙarfe kawai nake yi, kuma ya san haka. A can sama, kan komai, lakilensa ne a kwance.

Na ɗauke shi na tsaya riƙe da shi. Bawa ya leƙo ya ce, "Tsohon ya mance abinshi." Na ce, "Bai manta ba."

Muka kama aiki. Samari suna riƙe tiyo, ina ɗaurewa, muna zurawa ɗaya bayan ɗaya. Bawa yana zaune a kan buhu ya miƙe ƙafa, yana yi mana tsawa in mun karkace, wai mutanen gabas ko tsaye ba su iya gani ba. Sau biyu muna kuskure muna fiddawa. La'asar ta yi sanyi kafin mu ɗaure kan pampo. Maigari ya kama hannun ya yi ta bugawa, ba komai sai iska da ƙara, har mutane suka fara duban juna. Can sai ya yi tari kamar tsoho, ya tofo ja, sannan fari.

Da magariba ina zaune a bakin daɓe, hannuwana duk sun farfashe, sai ga Bawa yana jan ƙafa, Rabi a bayansa. Ta ajiye tsohon akushin nan mai ɗinki a tsakaninmu. Tuwo ne da miyar kuka, ko ƙashin kaza babu. Bawa ya wanke hannu ya ce, "Matsa mana, kai kaɗai za ka cinye?"

Ajudan ya zo bayan an yi girbi. Ya dubi pampo, ya dubi mata a layi da tuluna, ya dube ni cikin shuɗin kaya.

"Wa ya ba ka izini?"

"Ba kowa, mon ajudan."

"Ka san abin da ka jawo wa kanka?"

"Na sani."

Ya ƙirga sauran kaya ya tarar ko ɗigon gazuwal bai ɓata ba, amma umarni umarni ne. Ya karɓi bindiga da kaki, ya sa ni a mota. Kafin mu tashi direbansa ya cika wa motar ruwa a pampon, ajudan ya kau da kai kamar bai gani ba. Na yi 'yan kwanaki a tsare a birni, maigari da liman suka yi ta zarya har aka sake ni, amma an soke sunana daga aikin hukuma. Abin da ya sa kuka same ni da keke ke nan, ina bin ƙauyuka ina gyaran pampo, maimakon ku same ni a buro ina sa hannu.

Bayan shekaru manya suka shirya, wasu Shinuwan suka dawo. Na je har Maradi na sami tafintansu na tambaye shi labarin wani tsoho makanike mai suna Lau, mai saukakkiyar kafaɗa. Ya yi dariya ya ce masu wannan suna a ƙasarsu ba sa ƙirguwa, kuma mai irin shekarun da na faɗa da wuya yana raye. Na gode masa na hau kekena.

Abin da nake so ku riƙe, ku da kuke shiga aikin nan yanzu, shi ne za a damƙa muku kaya a ce ku tsare, kuma ku tsare da gaskiya, ni ma ban bar an taɓa ɗigon mai ba. Amma kowane kaya akwai wanda aka kawo shi dominsa. Ranar da kuka ga mai shi tsaye a bayan shinge, ku kuna ciki, ku tsaya ku tambayi kanku wa kuke tsare wa. Wanda ya ba ku hula yana iya mantawa da ku a daji. Wanda kuke sa hannu a akushi ɗaya da shi ba ya mantawa, ko alheri ko akasinsa.

Ga lakilen nan a jakata, kun sha ganina da shi, kun sha roƙona aro ina hana ku. Yanzu kun san dalili. Ni ƙofa ɗaya aka ba ni tsaro, kuma kafin in isa gare ta wani ya riga ya yanke mini ƙusoshinta. Da yammar ranar aka zo aka ci abinci da ni. Shi kuwa da ya yanke su, bai ga ruwan ba, bai ji labarin ba, kuma iyakar sanina har ya bar ƙasar nan a bayan mota yake cin shinkafarsa.